Bashin Rana

Shekara goma sha tara ina kwana da tanderu
a gidan burodin Ɗantsoho, bayan Ƙofar Marusa.
In ladan ya kira assalatu, lokacin nake wanke hannu,
in yi salla, in toshe taga da tsohon buhun fulawa,
in kwanta.
Ana ce mini rana tana fitowa a garin nan kullum.
Ni da ita sai dai gaisuwar surukai:
tana shigowa, ina sunkuyar da kai in wuce.

Maƙoƙon ya fara kamar gujiya.
Ya zama goruba.
Maɓallin wuyan rigata ya yi fushi da ramin da ya saba shiga.
Sai da haɗiyar loma ta koma abin shawara,
numfashina cikin barci ya zama sarewa,
sannan na kai musu wuyan.

Suka yanka, suka ɗinke, aka ce aiki ya yi kyau.
Tasalla ta soya waina, ta raba wa yaran layi.

Dare na uku, ina riƙe da kofin kunu,
tururuwa suka fara yawo a leɓena,
tururuwan da ido ba ya gani.
Suka sauko kan yatsu.
Kofin ya faɗi.
Hannun da ke murza rabin buhu kafin sha biyun dare
ya tsuke kamar mai ɗibar gishiri,
babban yatsa ya shige tafi, ya ƙi fitowa.
Na ce masa buɗe. Bai san muryata ba.

Maƙwabcinmu Tanimu ya ce iska ce, a kawo turare.
Tasalla ta ce turaren ya biyo mu a baya,
ta fita ba takalmi ta tare mai kurkura.

Likitar yarinya ce, ba ta girmi Balaraba ba.
Ta ƙwanƙwasa kumatuna da yatsa, nan gaban kunne,
bakina ya yi tsalle shi kaɗai
kamar fatar jakin da ƙuda ya taɓa.
Ta ce a sa ruwa, a hankali.
Ina kallon ɗigon yana sauka,
yatsuna suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya,
ɗan ƙaramin ne ya zo ƙarshe.

Da safe ta zo da takardar jini.
Ta ce, Baba, bayan abin da aka cire
akwai wasu 'yan abubuwa huɗu,
kowanne kamar ƙwayar shinkafa.
Su ke riƙe da makullin kalsiyam a jiki.
Wuƙa ta wuce kusa da su, sun razana, sun yi shiru.
Galibi sukan farfaɗo. Sai mun jira, muna aunawa.
Amma rumbunka dama wayam yake:
bitamin D ɗinka ya kusa ƙarewa.
Na ce ban gane ba.
Ta tambayi sana'ata, ta yi murmushi.
Ta ce kalsiyam fulawa ne, wancan kuma yis.
Ka taɓa ganin kwaɓi ya tashi ba shi?

Na ce a ina ake samunsa?
Ta ce akwai na kwalba, zan rubuta.
Sauran yana sama, kyauta.

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni.
A Katsina!
Inda rana ke narka silifas a kan kwalta,
a ce ga mutum guda da bai samu rabonsa ba.

Yanzu ƙaramar ƙwaya da asuba, ciki ba komai.
Manyan, masu ɗanɗanon alli, sai hantsi ya ɗaga,
wai ba sa shiri, kada a haɗa su zama ɗaya.
Tsakaninsu ina kan benci a ƙofar gida,
hannun riga a naɗe, ƙafafu a miƙe,
an shanya ni kamar tattasai.
Ashe ƙofar Tanimu shuɗiya ce.
Shekara nawa ina ɗauka baƙa.

Jiya yaron Ɗantsoho ya wuce da kwali a ka.
Na tsayar da shi, na ɗauki guda, na matsa.
Ba a murza shi ya ji ba, ciki duk rami.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na lura yatsun nan biyar
sun matsa, sun saki, ba wanda ya roƙe su.

Na biya kuɗin burodin.
Na koma na zauna, don akwai sauran bashi.